Safiya Dubu a Layi Ɗaya

Kwana ashirin da rasuwar Baba, Mama ta tambaye ni abin da yake rubuta mini a waya. Muna zaune a tsakar gida muna tsinke ganyen yakuwa, 'yan gaisuwa sun fara ɗauke ƙafa, matan zumunta na majami'armu ma sun kwashe tukwanensu sun koma gidajensu. Ba ta dube ni ba, ganyen take kallo.

"Ranar da ya faɗi ɗin nan," in ji ta, "ya daɗe yana danne-dannen wayar nan fiye da kullum. Kunun da na ajiye masa har ya huce, na sake ɗumama shi, ya sake hucewa. Abokan tafiyarsa gona suka gaji da jira suka wuce. Me ya ce miki?"

Na ce zan duba. Ta ce ba na ranar kaɗai ba, duka take so, tun daga farko. Ita ba ta iya karatu ba, shekara uku tana ganin mijinta yana sunkuye kan waya kowace safiya, ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya daga abin da yake cewa ba. In buga mata su a takarda, in zo in zauna in karanta mata, ta ajiye. Na ce to. A kwanakin nan duk abin da aka ce mini to nake cewa, ko da an ce in ɗauki turmi in kai Ikara a ka, to ɗin zan ce.

Garinmu ƙauye ne a gundumar Janfalan, amma ni a Makarfi nake aiki, a wani shagon kwamfuta da ke kusa da kasuwa. Baba manomi ne, masara da dawa da ɗan barkono a fadama. Da girmansa ya koyi karatu, a ajin manya da ake yi a majami'a bayan sujada, kuma har ya bar duniya rubutu wahala yake ba shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. A wajenmu yaro ne ke zuwa ya durƙusa ya gaida babba, ba a taɓa jin uba ya riga 'yarsa gaisuwa ba. Shi kuwa da na samu aiki na bar gida sai ya ce ai ɗa ne ke gaida uwa, don haka shi zai riƙa gaishe ni. Mutane suna masa dariya, ko a jikinsa.

Kowace safiya kafin ya saɓa fartanya, saƙo zai shigo wayata: Uwata ina kwana kin tashi lafiya ya aiki Allah ya tsare. Ba aya, ba waƙafi, ba sauyi. Wayarsa irin 'yar ƙaramar nan ce mai maɓallai, wadda sai ka danna lamba ɗaya sau uku kafin harafi ya fito, ga yatsunsa kamar saiwar rogo. Wata ranar Kirsimeti na zaunar da shi na nuna masa yadda zai buɗe saƙon jiya ya sake turowa, danna biyu an gama. Ya kalla har na ƙare, ya karɓi wayarsa.

"Wancan na jiya ne," ya ce. "Jiya na gaishe ki da shi. Yau ban gaishe ki ba tukuna."

Na ce haba Baba, ai duk kalmomin ɗaya ne. Ya ce e, ya sani. Haka ya ci gaba da rubuta shi harafi bayan harafi, kowace safiya sabo.

Da farko ina amsawa. Lafiya lau Baba, ya gona, ya Mama. Daga baya ya koma lafiya lau kawai. Daga baya sai ranar da na tuna. A shekarar ƙarshe, gaskiya, ko buɗewa ba na yi. Ina ganin sunansa a saman waya in share da yatsa in ci gaba da ɗaura ɗankwali, don na riga na san abin da ke ciki. Ba faɗa muka yi ba, ba fushi nake da shi ba, ina ma a ce fushi ne, da na samu abin faɗa. Ranar da ya faɗi a hanyar fadama ma na ga saƙon ya shigo, guda ɗaya, na kawar da shi da yatsa ban buɗe ba. Da azahar ƙanin Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya kira ni ya ce in zo gida yanzu. Tun daga ranar ban iya buɗe wurin saƙonnin nan ba. In na kai yatsa sai in ga na ajiye wayar na tashi na shiga wanke kwanon da yake a wanke.

Wayar Baba ba ta da sauran amfani a wannan maganar. Cikinta ƙarami ne, kuma da aka yi rabon kayansa Baba Ƙarami ne ya ɗauke ta, ya kai kasuwa aka wanke masa ita tas ya sa layinsa. Tawa kuwa ta daɗe tana neman mutuwa, batirinta ya kumbura har bayanta ya ɗaga, ba ta karɓar caji sai an tokare igiyar da littafi. Da na koma Makarfi ranar Litinin, abin da na fara yi shi ne na jona ta da kwamfutar shago na kwashe duk saƙonnin da suka fito daga lambar Baba zuwa fayil ɗaya. 'Yar manhajar da na samu ba ta fitar da kwanan wata, kalmomin kawai take zubowa, kowane saƙo a layinsa, na farko a sama, na ƙarshe a ƙasa. Ana tsakiyar kwashewa wayar ta ɗauke. Na tokare ta, ta dawo, na sake farawa daga farko, sabon ya hau kan wanda ya riga ya shiga. Wato wani kaso ya shiga sau biyu. Na sa wa fayil ɗin suna baba.txt, na rufe ban karanta ba. Bayan kwana biyu wayar ta mutu gaba ɗaya, mai gyara ya buɗe ya ce sai dai a sayar wa 'yan gwangwan.

To, bari in faɗi irin aikin da nake yi, don in ba haka ba ba za a gane wautar da na tafka ba.

Shagonmu ana buga takardu, ana hoto, ana cike wa ɗalibai fom. Amma abin da ke riƙe da mu da damina shi ne jerin sunayen manoma. Ƙungiyoyin manoma daga Dandamisa, daga Hunkuyi, daga ƙauyukan Ikara, duk suna kawo mana sunayen mutanensu in za a raba taki ko iri. Mutum uku za su zaga ƙauye da littafi, kowa ya rubuta wanda ya gani, manomi kuwa duk inda ya ga mai biro sai ya ba da sunansa, ba don cuta ba, don kada a manta da shi. Sai ka ga mutum ɗaya ya fito sau huɗu. Aikina in shigar da su in cire maimaici.

Ogana mutumin Hunkuyi ne, dattijo mai gemu fari-fari, ya yi aikin kwamfuta a Zariya shekaru kafin ya dawo kusa da gida. Ƙwayar cutar kwamfuta da mutane ke kawowa a filashinsu ta ishe shi, sai ya sa wa tsofaffin kwamfutocinmu Linux, ya ce kowa ya koyi baƙin allo ko ya nemi wani aikin. Baƙin allo shi ne wurin da ba hoto ba linzami, sai dai ka rubuta wa kwamfuta umarni ta yi. Na tsane shi wata guda cur, daga baya na fi kowa hannu a kai.

Umarnin kaɗan ne. Akwai sort, mai jera layuka bisa haruffa, na A a sama, na Z a ƙasa. Akwai uniq, mai cire layin da ya yi daidai da na kusa da shi. Oga yana cewa uniq makaho ne, maƙwabcinsa kawai yake laluba, in tagwayen layi suna nesa da juna ba zai gan su ba, shi ya sa ake fara jerawa kafin a kira shi. In kana sauri sai ka rubuta sort -u, ya jera ya cire a bugu ɗaya. In ka ƙara -o da sunan fayil ɗin, ya zuba sabon a kan tsohon, tsohon ya tafi ke nan. Akwai kuma wani dogon umarni na awk da ke cire maimaici ba tare da ya hargitsa jerin ba, na farko ya zauna a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Oga ya rubuta shi a takarda ya manna a bango, amma yana da ƙugiyoyi da alamomi da yawa, ni kuwa sunayen manoma ba ruwansu da wa ya riga wa, don haka ban taɓa haddace shi ba.

Dokar Oga biyu ce, kuma yana maimaita su har su gundure ka. Ta farko, kafin ki taɓa fayil ki yi kwafinsa. Ta biyu, kafin ki goge ki duba da uniq -d, ya nuna miki layukan da suka maimaitu, ki karanta su da idonki. Ya kafa ta biyun ne tun shekarar da wani dattijo daga Dandamisa ya zo shagon da sandarsa yana neman wanda ya kashe shi a takarda. Su biyu ne a gida ɗaya, 'ya'yan wa da ƙani, suna ɗaya, sunan kaka ɗaya suke sawa a baya, lambar waya ɗaya suke bayarwa don waya ɗaya ce a gidan. Kwamfuta ta ga layi biyu iri ɗaya ta haɗiye guda, ɗaya ya samu taki, ɗaya ya dawo da buhu babu komai. Ba ni na yi wannan ba, wanda ke wurin kafin ni ne, amma na ji labarin ya fi sau hamsin. Kuma Allah ya sani, a aikin mutane ban taɓa karya dokokin nan ba ko sau ɗaya.

Ranar Alhamis ce. Na yi wa Mama alkawarin zuwa Asabar. Tun safe nake kan jerin wata ƙungiya ta masu noman rake, fayil bakwai, ina yi wa kowanne abu ɗaya: kwafi, duba, sort -u -o, na gaba. Ba na jin yunwa, ba na jin gajiya, ba na jin komai. Mutane suna shigowa su ce ya haƙuri, in ce da godiya, su ce Allah ya ji ƙansa, in ce amin, bakina ne ke yi ba ni ba. Wajen la'asar Oga ya fita salla, shagon ya yi shiru sai ƙarar janareton mai walda. Na ce bari in buga na Mama yanzu in huta.

Na ƙirga layukan da wc, ya nuna dubu ɗaya da ɗari biyar da wani abu. Na tuna ai wani kaso ya shiga sau biyu lokacin da wayar ta ɗauke, kada in ɓata takardar Oga a banza, kada kuma in zauna ina karanta wa Mama abu ɗaya sau biyu. Tunanin da na yi ke nan, iyakarsa ke nan. Na danna kibiyar sama, umarnin da na yi wa masu rake ya dawo, na goge sunan fayil ɗinsu a wuri biyu na sa baba.txt, na danna. Ban yi kwafi ba, ai ba aikin kowa ba ne, nawa ne. Ban duba da uniq -d ba, domin dubawa na nufin in ga rubutunsa, ni kuwa mako uku ke nan ina gudun haka. Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba.

Sai wata mata ta shigo da takardun makarantar 'ya'yanta tana son a ɗauke su a hoto a adana, shafi sittin da wani abu. Na yi mata. Wani ya kawo katin biki. Na yi masa. Sai da rana ta yi sanyi na dawo kan nawa, na sake ƙirgawa don in san takarda nawa zan sa a firinta.

Talatin da bakwai.

Na zauna ina kallon lambar. Na ɗauka wani fayil na ƙirga, na sake. Talatin da bakwai. Sannan na buɗe shi, karo na farko. Layin farko: Akuyarki ta haihu biyu. Na biyu: An yi ruwa jiya sosai. Ana ta sauka, Barkono ya yi kyau bana, Mamanki na gaishe ki, har can ƙasa wajen harafin U, ga shi nan, Uwata ina kwana kin tashi lafiya ya aiki Allah ya tsare. Sau ɗaya. Safiya dubu da wani abu, kowace da kununta da ya huce, na mayar da su layi ɗaya. Kuma na ƙarshen da Mama ke tambaya, wanda da yana nan a gindin fayil ɗin yana jirana, ya shige cikin sauran bisa harafinsa, ba abin da zai nuna shi.

Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba. Na tuna na lura cewa maɓallin sarari na allon rubutun ya yi datti, na ɗauki tsinke ina sakace gefensa. A haka Oga ya same ni.

Na gaya masa a taƙaice. Ya ce, "Innalillahi. Kin yi kwafi?" Na ce a'a. Ya buɗe baki, na ga dokar ta taho har leɓensa, sai ya haɗiye ta. Ya ce in tashi. Ya kashe kwamfutar nan take, ya ciro faifan ajiyarta, ya jona a tasa, ya yi ta bincike har aka kira magariba, ya dawo washegari ya ci gaba. Abin da ya tono guntayen hotunan takardun matar nan ne da sunayen masu rake. Ya ce da na tsaya a lokacin da abin ya faru, da wataƙila, amma na zuba kaya masu nauyi a kai sa'a biyu.

"Ki yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Amma ke ma, da ko na bangon nan kika yi amfani da shi, ai da na ƙarshen yana ƙarshe."

Na ce, "Oga, na sani. Don Allah kada ka karanta mini bango yau." Ban taɓa yi masa magana haka ba, shi kuwa sai ya je ya sayo mini fura ya ajiye, ta kwana a wurin.

Na yi tunanin yin ƙarya, kuma ƙaryar ba wuya. Layi ɗaya na umarni zai maimaita mini gaisuwar nan sau dubu, in barbaɗa sauran a tsakani, in zaɓi mai daɗi in sa a ƙarshe, in buga shafi talatin in kai wa Mama. Wa zai sani? Har na rubuta umarnin. Na zauna yatsana a kan maɓalli, sai na ga ai abin da na nuna masa ranar Kirsimeti ke nan, danna biyu an gama, wanda ya ƙi. Ba wani tsoron Allah ne ya kama ni ba, kada in yi wa kaina ado. Kawai na ji ba ni da ƙarfin ɗaukar shafi talatin ɗin zuwa gida. Na goge, na buga talatin da bakwai ɗin, suka shiga shafi ɗaya har da sauran fili a ƙasa.

Asabar na shiga mota zuwa Ikara, daga nan na hau mashin. Masara ta yi tsawo har ta rufe hanya, ta Baba ma tana nan ta yi kore shar, Baba Ƙarami ya sa an yi mata maimai. Na tarar da Mama ta share ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma sabuwa, ta ɗauro zanen zumuntarta kamar mai shirin zuwa sujada. Ta dafa mini dambu. Bayan mun gaisa ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce to bismilla. Na ciro takardar daga jaka.

Ta dubi takardar, ta dubi jakar, tana jiran sauran.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"Shekara uku?"

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce kwamfuta in ta ga magana iri ɗaya sau da yawa sai ta bar guda ta zubar da sauran, kuma ni na sa ta, ba kowa ba. Na ce gaisuwarsa kullum iri ɗaya ce, shi ya sa ta zama ɗaya. Mama ta ce, "Iri ɗaya kamar yaya? Ta Litinin ai ba ta Talata ba ce." Na ce haka ne. Ta ce, "Kai, wannan na'ura ba ta da tarbiyya." Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce ta ji.

Na karanta mata daga sama. Akuyarki ta haihu biyu, ta ce wannan bara waccan ne, jar akuyar nan, ɗayan ɗan bai yi rai ba. An yi ruwa jiya sosai, ta ce wannan ko wace shekara ce oho. Barkono ya yi kyau bana, ta yi 'yar dariya ta hanci ta ce ƙarya yake, tsutsa ta cinye rabi, ba ya so ki damu ne. Haka muka bi su, tana mayar da wasu shekarunsu, wasu ta bar su su wuce. Ni ina karantawa kamar jerin masu rake, muryata ba ta rawa ko kaɗan, har ina jin haushin kaina. Da yawa daga cikinsu sai a makon nan na fara ganinsu.

Da na kai ƙarshe ta ce, "To wanne ne na ranar?"

"Ban sani ba, Mama. Na hargitsa jerin. Yana ciki, amma ban san wanne ba ne."

"Ba ki karanta shi a ranar ba?"

"Ban buɗe ba."

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta riƙe ta nesa da fuska, sannan ta ɗora a cinya, ta sa yatsa tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, daga inda suka fara zuwa inda suka tsaya. Ba karatu take ba, awo take. Gajeru ta wuce su. Na nuna mata gaisuwar kullum, ta auna ta da ɗan yatsa da babban yatsa, ta ce wannan kafin ya gama shi kunu na nan da zafinsa, ta sani, shekara uku tana gani. Ranar kuwa sau biyu ya huce. Ta ci gaba da nema har ta ware uku da suka fi shi tsawo.

Na farkon maganar taki ce, na tuna shi, har na kira shi a kai bara. Na biyun bikin 'yar Baba Ƙarami ne, an yi shi tun kafin azumin Ista. Ta ɗora yatsa a kan na ukun, wanda ya fi duka tsawo har ya karyo zuwa layi na biyu. Na riga na karanta mata shi a cikin jerin, da sauri, tsakanin wasu biyu masu farawa da Uwata.

"Sake karanta wannan. A hankali."

Na karanta: Uwata ina kwana na ji shiru kwana da yawa ina fata lafiya in aiki ne ba komai amma ki amsa ko kalma daya in san kina nan.

Mama ba ta ɗaga yatsanta ba. Awaki suna ta kuka a waje don lokacin ba su dusa ya wuce. Na ce mata wataƙila ba na ranar ba ne, wataƙila na watannin baya ne, tunda akwai da yawa da ban buɗe ba. Ina faɗa ina jin yadda maganar take, wai kariya ce nake kawowa.

"Ko na yaushe ne," ta ce, "kin amsa masa?"

"A'a, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a cikin littafin waƙoƙin Baba da ke kan akwati, ta tashi ta fita wajen awaki. Ba ta zage ni ba. Da yamma ta zuba mini tuwo ta ce in ci, na ci. Na yi ta jiran wani abu ya fashe mini a ƙirji, bai fashe ba, sai nauyi kawai kamar na haɗiye dutsen niƙa.

Washegari Lahadi, gari ya waye, na fito na je ƙofar ɗakinta na durƙusa kamar yadda aka koya mana tun muna yara. Labulen a sake yake. Na san ta tashi, don ina jin motsin tabarma da ƙarar awarwaronta.

"Mama, ina kwana."

Shiru. Kaji suna ta tsattsaga a bayana. Na zauna a kan dugadugaina ina kallon gindin labulen, ƙasa da sanyin raɓa, gwiwata ta fara tsami. Na ce a raina ko addu'a take. Na jira.

"Mama, ina kwana."

Ba ta amsa ba. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila bai kai a ɗumama kunu ba. Amma a nan ne, a durƙushe, hawaye suka zubo mini, karo na farko tun ranar da Baba Ƙarami ya kira ni. Na uku da ƙyar ya fito.

"Mama, ina kwana."

Ta ɗaga labulen. Idonta a bushe, littafin waƙoƙin a hannunta.

"Na ji ki tun na farko," ta ce. "Lafiya lau. Tashi ki ɗora ruwa, kada mu makara."